Awa Ɗaya da Rabi

Da hantsi na raka Rumasa'u filin jirgi,
jakarta ɗaya, da kilishi ƙunshe a jarida,
takardar kama aiki a Ikko ta ninke ta huɗu a tafin hannu.
Ta ce, "Baba, awa ɗaya da rabi ce fa,
kafin ka gama buɗe shago na sauka."
Na yi murmushi kawai.
Shekara talatin ina gyaran agogo a bakin kasuwa,
ina tona cikin lokaci da ɗan tsinke,
na san ba kowace awa ce ke da tsawon 'yar'uwarta ba.

Kakanta ya yi Ikko a ƙafa, a bayan shanu,
ya fita ana girbi, ya dawo ana shuka,
diddigensa ya tsage kamar bakin tafki a bazara.
Ni na yi ta a jirgin ƙasa,
kwana biyu ina gatsar gurasa busasshiya,
ina ƙirga tasha har barci ya ɓatar min da lissafi.
Ita kuwa za ta tsallake Kwara
ba tare da ta ko ga ruwan ba.

Na tsaya jikin shinge har ya ɗaga,
ya karkata, ya ƙanƙance,
ya koma ƙwayar gero, sama ta haɗiye.
Na duba tsintsiyar hannuna: sha ɗaya saura kwata.

Sai na tari adaidaita sahu.

A titin Katsina tirela ta gitta ta mutu,
yaran mota na kwance ƙarƙashinta suna gardama.
Direbanmu ya kashe inji don tattalin mai.
Wata baiwar Allah a gefena ta ɓare gyaɗa
ta cinye, ta kakkaɓe zani, ta sake saye.
Da muka samu muka gusa,
a Ƙofar Ruwa amalanke mai rodi ya tare gaba,
mai turawa na haki, babu mai cewa ya yi sauri.

Muna Gwammaja waya ta yi ƙara.
"Baba, na sauka. Ruwa ma ake yi a nan."
Kilomita ɗari takwas da ɗoriya ta ci,
ni ko rabin hanyar gida ban kai ba,
gumi ya manna min riga a gadon baya.

Ina mayar da wayar aljihu
idona ya faɗa bakin wani lungu.
Na san kwatar, na san dalbejiyar,
na san ƙofar langa-langa mai shuɗin fenti.
Gidan Yaya Sammani.
Shekara huɗu ke nan,
tun ranar rabon kangon mahaifinmu,
da baki ya yanka abin da wuya ya kasa ɗauka.
Daga kwalta zuwa zaurensa taku arba'in ne,
na sha ƙirgawa ina wucewa da kaina a sunkuye.
Da jirgi ne, ko ƙiftawar ido bai kai ba.
Wane ma'auni ke auna irin wannan nisa?

Na ce wa direba, "Akwai a nan."
Ya ce, "Ba Gwale ka ce ba, Baba?"
Na ba shi kuɗin Gwale.

Taku goma na farko sun fi hanyar kakan Rumasa'u tsawo.
Na yi sallama, muryata kamar ta aro.
Yana zaune kan buzu, ya yi furfurar da ban san da ita ba.
Ya amsa, bai miƙe ba, bai kuma kau da kai ba.
Bisa kansa agogon bango da na ɗaura masa da hannuna
ya tsaya cik a ƙarfe uku da minti bakwai.

Ya bi idona da kallo.
Ya ce, "Ya daɗe a haka."
Na cire takalmi,
na laluba aljihu, ɗan tsinkena na nan.
Na ce, "Ba ni kujera in taka."